Ranar da Na Ce Daabi a Maƙerar Baba

Assalamu alaikum Yaya Osmanu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya a Italiya, ya sauƙaƙa maka sanyi da wahalar aiki. Mu nan unguwarmu ta Akwatialine lafiya lau. Ƙafar Mma ta yi sauƙi har tana zuwa masallaci, matata Basiratu kuma ta sauka, an sami mace.

Yaya, ka ce idan maƙerar Baba ba ta tsaya da ƙafarta bana ba, mu sayar wa mai son gina shaguna. Ga abin da ya faru. Farkon azumi wani Batone, ɗan asalin garin nan, Opanyin Kwarteng, mai kai kaya ƙauyuka daga kasuwar Race Course, ya zo yana son ƙananan tukwanen dalma cikin mota guda kafin Salla. A makon kuma Hajiya Sahadatu da sauran masu sayar da wake da shinkafa suka kawo tsofaffin tukwanensu a narke a sake zubawa. Murhunmu ɗaya ne, dalma ta yi wuya a gari. Matan sun zo da tasu, shi kuwa da baki ya zo.

Ka san Baba, Allah ya jiƙansa, bai taɓa ce wa mai ciniki a'a ba. Sai ya ja “insha Allahu” da tsawo, ɗan Zongo ya gane ya nemi wani wuri. Amma Batone alkawari yake ji. Na auna, na sake aunawa, na rubuta na goge kamar yadda ka san halina. Da ya dawo na dube shi na ce daabi, a'a da harshensu, sai dai bayan Salla, kuma ya zo da dalmarsa. Ya karkaɗe zanensa ya fita. Fataw, abokin zubina, ya ce ga malamin boko ya kori arziki da kalma ɗaya, a ba ni lambar yabo. Wallahi har aka sha ruwa ina ganin na rushe gadonmu.

Muka gama na matan, kowacce ta dafa abincin Salla a tukunyarta. Bayan Salla sai ga Kwarteng da mota shaƙe da tsofaffin injuna da murafan tukwane. Ya ce ya karɓi insha Allahu a maƙeru uku, ko ludayi bai gani ba, shi yanzu mai daabi yake so. Aikinsa zai kai mu har Babbar Salla. Fataw ya koma kirana Alhaji Daabi, ni kuma ina amsawa.

Har yanzu ban tabbata hikima ce ko sa'a ba. Amma jiya mai shagunan ya aiko yana tambayar shawararmu, na ce sai na ji daga yayana. Kalmar dai tana bakina, izininka kawai nake jira.

Mma, Basiratu da Kawu Gariba suna gaishe ka. Ka gaida Sherifa da yara.

Ƙaninka,
Masahudu