Gara Ta Cinye Littafina

Yaya Bulus,

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Ina gajiya, ya iyali, ya jikin uwargida?

Ka san ni. Ni na koya wa kaina kafinta, na gina shago a Dutsin-Ma ba hannun kowa, na ajiye wa'azi shekara tara. To, Inna Talatu da ta goye mu ta rasu a Kurfi. Bakin kabari babu mai karatu, aka ce, "Malam Yohanna, sai kai." Ni kuwa da safe na tarar gara ta cinye Littafina Mai Tsarki a akwati. Na fara da ka, aya uku na ƙare. Na yi kuka gaban mutane.

Ka sa ni a addu'a, ka gai da kowa. Ka gaya wa Fasto ya mayar da sunana cikin masu bishara, bana, ba baɗi ba.

Ƙanenka,
Yohanna