Na Ƙi Rama Tsokanar Babarbariya, Yanzu Za Ta Bar Mini Shago

Anti Muhibbat, don Allah ki taimake ni kafin in yi asarar da ni na jawo wa kaina. Ni Bafulatana ce, haihuwar Lafia, ina da shagon atamfa a kasuwa. Bara wata Babarbariya mai suna Falmata ta zo da 'ya'yanta biyu daga Barno, rikici ya kore su, mijinta kuma ya rasu a can. Tana haɗa humra da turaren wuta, sai na ba ta gefen shagona ta kasa kayanta. Wallahi alheri ya biyo ta, wadda ta shigo don ƙamshi da wuya ta fita ba turmi a hannu.

To tun ranar da ta ji ni Bafulatana ce na rasa sakat. A gaban masu ciniki take kirana baiwarta. Idan na ɓoye a bayan labule zan ci abinci, sai ta yi shela wai a kau da ido, Fillo za ta haɗiyi loma. A wani suna ta ƙwace takalmina, wai sai na fanshe su da ƙwaryar nono. Har cewa take garin nan na kakanninta ne, ni ce baƙuwa. Anti, ina da baki, mijina Ya'u shaida ne. Amma duk lokacin da amsa ta zo kan harshena sai in tuna abin da ya same ta, in yi murmushi, in ce Allah ya ba ta haƙuri.

Yanzu ta daina. Gaisuwa kawai, cikin ladabi kamar ta ga ma'aikaciyar haraji. Jiya na ji wai ta sami rumfa a garin Shabu, ƙarshen wata za ta tashi. Me na yi mata? Ba na so ta tafi.

Mai Atamfa, Lafia

'Yar'uwa Mai Atamfa, laifinki ɗaya ne: ana jifanki da wasa, kina ramawa da ta'aziyya.

Wasan Fulani da Barebari ya girmi kakanninku, kuma ba a yin sa da bare. Matar da ta baro gida da dangi ta iso garin da kowa ke sassauta murya idan zai yi mata magana, sai ta tarar da ke, mutum ɗaya da al'ada ta ba ta damar zolaya. Ta miƙo zumunci, kin mayar mata da tausayi. A wurinta wannan na nufin har yanzu 'yar gudun hijira ce, ba maƙwabciya ba.

Ban ce kunyarki aibu ce ba. Niyyarki kyakkyawa ce, kuma idan tsokana a gaban masu ciniki na taɓa ki, kina da haƙƙin faɗa mata ku biyu. Haka kuma ki tambaye ta maganar Shabu kai tsaye. Mai yiwuwa kuɗin haya ko makarantar yara ne, ba ke ba. Idan ci gabanta ne, kada ki tare mata hanya.

Amma kafin nan, ki rama. Iyaka ɗaya ce: ban da mijinta, ban da gudun da ta yi, ban da garin da ta baro. Saura duk halal ne. Gobe da ta shigo, ki sanar da kasuwa cewa baiwarki ta makara, kuma kin ji tana shirin guduwa ba ta fanshi kanta ba. Idan ta zaro ido ta wanke ki tas, ki gode wa Allah, ta sauke kaya ke nan.

Allah ya bar ku tare, ya kuma ba ki sa'a a kanta, don Babarbariya ba ta faɗuwa da sauƙi.