Carbin Hajiya Kubura Yana Kaikai

Cikin alhini, tare da sallamawa ga hukuncin Ubangijin da Ya ba mu ita kuma Ya karɓi abinSa, Kwamitin Tuntuɓar Al'umma kan Binciken Lafiya na Kankiya da Kusada, a ƙarƙashin jagorancin Shugabansa, Alhaji Audi Sodangi, yake sanar da 'yan'uwa, abokan aiki da ɗaukacin jama'ar ƙananan hukumomin biyu cewa ya samu labarin rasuwar uwarmu, Mataimakiyar Shugaban wannan Kwamiti kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa shi, tsohuwar Babbar Jami'ar Jinya da Ungozoma, Hajiya Kubura Gajere Tafashiya, wadda Allah Ya yi wa cikawa da hantsin ranar Litinin, tana da shekara sittin da tara, bayan jinyar wata uku. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An yi mata sutura bayan la'asar a Tafashiya, garin da aka haife ta.

Ga wanda bai san aikinmu ba, mu ne masu tsayawa tsakanin mutanen ƙauyukanmu da manyan likitoci da farfesoshin da kan samu tallafin gwamnati su zo binciken cututtuka. Sukan zo da motoci da kwalabe da takardu, amma ba su iya wuce zaure. Hajiya Kubura ce mai shiga cikin gida. Ita ce mai zama a kan tabarma da matan gida, ta sha furarsu, ta tambayi lafiyar jariri da akuyar da ta haihu, sannan ta bayyana musu dalla-dalla abin da za a ɗiba a jikin yaro da abin da za a yi da shi, wadda ta ce a'a kuwa an gama magana. Kai, mun ga zamani! Mun ga ranar da ta mayar da wani babban farfesa mota a garin Boko saboda ya taka tabarmar dattawa da takalmi, ta sa ya dawo ya yi sallama tun daga farko kamar ɗan firamare. Mun ga akwatinta na ƙanƙara ɗaure a bayan ɗan acaɓa, ita kuma tana yi wa mai babur faɗa ya bi a hankali don jinin 'ya'yan mutane ne a ciki. Mai sa hannu a wannan takarda ma bai tsira ba, domin ta taɓa wanke shi tas a gaban jama'a saboda ya karanta wa tsofaffi takardar neman yarda da Turanci.

Marigayiya tana da wata al'ada da ba a rubuta a kowace doka ba. Duk garin da aka ɗibi jini ko fitsarin mutane, kafin ta tafi sai ta cire carbinta ta danƙa wa tsohuwar da ta fi kowa shekaru, ta ce a riƙe mata har ranar da za ta dawo da abin da aka gano. Ranar da ta dawo ta yi bayani, sai ta karɓi abinta. Mun sha tsokanarta cewa masu sayar da carbi a kasuwar Kankiya sun fi kowa son a yi bincike, ita kuma ta harare mu ta ce mu je mu ji da takardunmu. Haka ta yi a Boko, haka a Tafashiya da sauran garuruwa, kuma ko an daɗe, carbin yakan dawo hannunta.

Guda ɗaya ne bai dawo ba. A shekarar 2011 wasu masu bincike daga wata cibiya suka zo garin Kaikai kan cutar tsargiya, wato fitsarin jinin nan da ke kama yara masu wanka a tafki. Iyaye mata suka yarda a gwada 'ya'yansu, aka kuma ɗebi ruwa da katantanwa daga tafkuna bakwai, bisa alkawarin da Hajiya ta yi musu da bakinta cewa za a dawo a faɗa musu tafkin da cutar take ciki. Ranar babu wani carbi a jakarta sai wanda mijinta, marigayi Alhaji Ashiru Babba, ya kawo mata daga Makka, kuma shi ta miƙa wa Gwaggo Juwairiyya, dattijuwar unguwar. Masu bincike suka tafi. Wa'adin tallafinsu ya ƙare, suka rubuta rahoto ga waɗanda suka ba su tallafin, suka kama wani aikin, domin ƙa'idar wancan lokaci ba ta ce lallai su koma wa mutanen da aka ɗibi jinin 'ya'yansu ba. Shiru kake ji. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce, yara na ta wanka a tafkunan nan bakwai, matan Kaikai kuwa suka daina shimfiɗa wa Hajiya tabarma idan ta je, wasu har suna cewa an sayar da jinin 'ya'yansu.

A nan dole Kwamiti ya faɗi laifinsa, domin saƙon ta'aziyya ba wurin ɓoye-ɓoye ba ne. Mu ne muka zauna muka ba ta shawara ta aika a karɓo mata carbin mijinta, ta mance da Kaikai, tunda ba ita ta karya alkawari ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce matan Kaikai ba su san wata cibiya ba, ita suka sani, kuma bakinta suka ji. Wallahi kunya ta rufe mu, har yau kuma ba ta sake mu ba. Daga ranar ta tsaya kai da fata, ta riƙa aika wasiƙu zuwa ga hukumar gwamnati mai raba tallafin binciken lafiya, shekara da shekaru ba amsa, har lokacin da hukumar ta kira taron jin ra'ayin jama'a domin sabunta ƙa'idojinta, inda Hajiya ta je da ƙafarta mai ciwo, ta yi jawabi da Hausa, ta ce wanda bai gane ba ya nemi tafinta kamar yadda tsofaffin Kaikai suka sha nema.

Wata biyu da suka wuce sababbin ƙa'idojin suka fito, lokacin tana kwance. A cikinsu an tanadi cewa duk mai neman tallafi sai ya bayyana yadda zai mayar wa al'umma sakamakon bincikensa da harshen da suke ji, sai wakilin al'ummar ya sa hannu cewa an yi hakan, kuma cibiyar da ta bar wani tsohon bincike ba tare da ta koma wa mutanensa ba, ba za a duba sabuwar takardarta ba sai ta koma. Ba mu ce Hajiya ce kaɗai ta jawo wannan ba, mutane da yawa sun yi magana. Muna kuma jin ƙorafin wasu abokanmu masu bincike cewa takardu sun yi yawa, tallafi zai riƙa jinkiri. To, su yi haƙuri, matan Kaikai shekara goma sha huɗu suka jira. Ɗiyarta, Malama Halimatu Sa'adiya, ta shaida mana cewa sau biyu marigayiya ta sa aka karanta mata wannan sashe, sannan ta juya ta fuskanci bango ta yi kuka.

Ranar Alhamis ɗin da ta gabata wasiƙar cibiyar nan ta iso ofishinmu, tare da ban haƙuri da cikakken sakamako: uku daga cikin tafkunan ne ke ɗauke da cutar, za a sake gwada tafkunan bakwai duka, za kuma a kawo magani. Muka kai mata har gadon asibiti. Ta ce a wanke mata farin mayafinta, a nemo mota mai laushin kujera, Asabar ta sama za ta Kaikai. Litinin Allah Ya karɓi ranta. Jiya, a wurin zaman makoki, sai ga Gwaggo Juwairiyya an riƙo ta da sanda, ta kwance bakin zanenta ta fiddo carbin, ta ce tun da aka ba ta ba ta taɓa ja da shi ba, kuma ga shi ta kawo wa marayu kayan uwarsu. Malama Halimatu Sa'adiya ta sumbaci carbin, ta mayar mata cikin tafin hannu ta rufe, ta ce Inna ta bar wasiyya kada a karɓa sai a Kaikai, sai kuma an gama yi wa mata bayani.

Kwamiti yana miƙa ta'aziyyarsa ga Malama Halimatu Sa'adiya da ƙannenta, da jikoki, da ɗaukacin zuriyar Malam Gajere na Tafashiya, da iyalan marigayi Alhaji Ashiru Babba, da tsofaffin abokan aikinta na jinya, da matan Boko da Kaikai waɗanda su ma uwa suka rasa. Allah Ya jiƙanta, Ya yafe kurakuranta, Ya haskaka makwancinta, Ya sa amanar da ta riƙe ta zame mata ceto, Ya ba iyalanta da mu baki ɗaya haƙurin wannan babban rashi.

Yaran da aka gwada a wancan lokaci yau su ne magidanta, 'ya'yansu ne kuma ke shiga tafkunan. Saboda haka Kwamiti ba zai jira arba'in ba. Ranar Asabar ɗin da marigayiya ta tsayar, tun kafin ruwan farko ya cika tafkuna, za mu hallara a Kaikai da ƙarfe goma na safe. Mu maza za mu tsaya a zaure kamar yadda ta koya mana. Malama Halimatu Sa'adiya ce za ta shiga ciki da farin mayafin mahaifiyarta, ta faɗa wa mata sunayen tafkunan nan uku, sannan ta karɓo carbin.

Sa hannu:
Malam Abdulrauf Sada Kankiya,
Sakataren Yaɗa Labarai,
a madadin Shugaba da mambobin Kwamitin Tuntuɓar Al'umma kan Binciken Lafiya na Kankiya da Kusada.