Wankan Inna na Ƙarfe Huɗu

Daura, 3 ga Mayu

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Siddiƙa da yara. Direban motar Kano ya kawo maganin Inna tare da jadawalin da ka tsara mini. Na manna shi a bango, ya yi kyau, har da launi-launi.

Tun da ɓarin jikin Inna ya shanye, ni ke ɗaga ta, ni ke juya ta. Ka sa wankanta ƙarfe huɗu, bayan na taso daga makaranta na yi girki. Yaya, a lokacin na gama fama da ɗalibai saba'in, ba sauran ƙarfi a hannuwana. Da safe nake da ƙarfi. Ko dai in riƙa yi mata wankan da safe in makara aiki, ko ka yarda Goggo Lami ta zo daga Baure ta kama mini. Ta ce a shirye take.

Ka huta lafiya. Ƙanwarka, Haulatu.

Kano, 9 ga Mayu

Haulatu,

Wa alaikumus salam. Muna gaida Inna, Allah Ya ba ta lafiya.

Na zauna na ƙirga, kina da awa uku cur a rana da ba ki komai a cikinsu. Matsalarki rashin tsari ce. Da irin jadawalin nan nake tafiyar da ma'aikata ashirin, ba wanda ya taɓa kuka. Koyarwar nan da ƙyar na samo miki ita, kada ki soma makara. Batun Goggo kuwa, a bar shi. 'Ya'yan Inna na raye a ce ƙanwar mijinta ke yi mata wanka? Da wane ido za mu kalli dangi?

Ki daure ki bi takardar. Wassalam.

Yayanki, Munzali.

Daura, 26 ga Mayu

Yaya,

Sallama da gaisuwa. A waya na ce maka Inna ta faɗi kawai, ga yadda aka yi.

Na bi takardarka kwana goma sha shida, ban tsallake layi ɗaya ba. Awa ukun da ka gano mini suna nan, a zaune nake cinye su ina kallon bango, ko tsintsiya ba na iya ɗagawa. Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu daidai, na cicciɓo Inna zan ɗora ta a kujerar wanka, sai hannuwana suka saki. Na ji ƙarar ƙashin. Likita ya ce ƙugu ne ya karye, kuma jikinta ba zai ɗauki aikin tiyata ba.

Tana kwance a ƙasa, da bakin nan nata da ya karkace, ta ce, "Sannu Haulatu, kin gaji." Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ka zo. Haulatu.

Daura, 14 ga Yuni

Yaya Munzali,

Assalamu alaikum. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan Inna, Ya sa ta huta.

Ranar jana'iza ka tambaye ni wa ya yi mata wanka, na kasa ba ka amsa a gaban mutane. Goggo Lami ce, da safe, ni na kama mata. Da muka ɗaga ta mu biyu, Yaya, ko nauyi ba ta da shi.

Ga jadawalinka nan a cikin ambulan.

Ƙanwarka, Haulatu.