Hannun Kano a Hanyar Abhur

Bani Malik, Jidda
6 ga Disamba, 1971

Zuwa ga Yaya Na'ibi,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Yaya Barakatu da yara? Ni lafiya lau nake, sai ɗan abin da ba a rasa ba.

Direbobinmu na nan sun rabu gida biyu. Wasu na bayan Usuman, haifaffen Jidda, da sabuwar motarsa 'yar Amurka. Mu kuwa tamu ita ce wadda Haladu makanike ya haɗa da kayan tsofaffin motoci. Usuman ya kira ta gwangwani a gaban jama'a, na ce mu gwada a hanyar Abhur.

Yaya, wallahi na ba shi rata. Amma a nan hannun dama ake bi, ba hagu irin na gida ba. Da na sha kwana, sai na koma yadda ka koya mini a Kano. Ina ɗaga ido na ga tankar ruwa, na watsa motar cikin yashi.

Targaɗe ne kawai a hannu, ko da yake Haladu ke rubuta mini wannan. Kafilina, wanda nake yi wa tuƙi, ya ce in ban warke kafin Hajji ba, halas, wato shi ke nan, zai ɗauki wani. Ka karɓo mini maganin karaya wajen mai ɗorin unguwarmu, ka ba maniyyatan farko. Kada Inna ta ji, Allah ya ƙara mata lafiya.

Ƙaninka,
Tanimu

Ni Haladu na ƙara wannan: injin bai yi komai ba, bugu ɗaya yake tashi.