Sallamar da Ba A Amsa Ba

Yaya Maccido,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙahwar Inna? Ina su Mairo? Halan an sako ruwan dam, kun dasa albasa a Taloka?

Ni lahiya lau nike nan Malesiya, sai dai barci ya ƙaranta, abincinsu kuma cikina bai yarda da shi ba. In an samu mai zuwa, a aiko mani yaji.

Aikin da anka ba ni ya ɗaure mani kai. Manhaja nika ginawa wadda za ta gane ko kwamfuta na kan intanet. Takan aika sallama can nesa, in an amsa ta kunna koren haske. To, in an yi shiru hwa? Maigidanmu na wurin aiki yac ce in yanke iyakar jiranta kahin ta rubuta "an katse", ko aikin ya bar hannuna. Amma Yaya, ruwa kan makara bisa hanya ba don an ruhe dam ba.

Tun da na taho ba da son ranka ba nika aiko maka saƙo, shiru. Sabis ne babu, ko hushi kakai? Mi zan ɗauka?

Allah shi bar zumunci. Ni dai ban rubuta "an katse" ba tukuna.

Ƙanwarka,
Turai