Fuskokin da Inna Ta Juya Bango

Hamma Iliyasu,

Assalamu alaikum. Na san inda kake babu mai kai saƙo, idonka ba zai taɓa sauka a kan takardar nan ba. Duk da haka zan rubuta. Ai ko da kana raye ba ka cika sauraron surutuna ba, kuma bai taɓa hana ni yi ba.

Gida lafiya. Inna na nan da ciwon gwiwarta da faɗanta. Mangwaron tsakar gida ya yi 'ya'ya bana har mun raba wa maƙwabta. Amma maganar zanenka ce ta sa na ɗauki biro.

Ka tuna lokacin da mutanen Michika da Mubi suka gudo, gidanmu na Adarawo ya cika har zaure? Mu muna fama da tukwane, kai kana zaune a tabarma kana zana fuskokinsu. Ranar da ka rasu, kafin masu ta'aziyya su shigo, Inna ta bi zane-zanen ɗaya bayan ɗaya ta juya su suna kallon bango, ta ce mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Haka suka zauna shekara da shekaru. Da daminar bara na leƙa ɗakinka, na tarar gara ta fara cin katakon da ke jikinsu, yoyo ya lalata wasu. Baffa ya ce a ƙone sauran a huta. Hamma, ranar ko abinci na kasa ci don baƙin ciki. Na rantse muddin ina numfashi wuta ba za ta taɓa su ba.

Na samu wani babban ɗaki a Karewa inda zan baje su. Wani mai shirya nune-nune ya zo daga Abuja da tabarau da Turancinsa, yana so a rataye su can sama, a haska musu fitilu, a rubuta 'yan gudun hijira a ƙarƙashi. Na ba shi ruwan sanyi na raka shi ƙofa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mutanen nan a gidanmu suka kwana, na san sunan kowa. A zaune ka zana su, to a zaune za a kalle su. Ƙasa-ƙasa zan rataye, in shimfiɗa tabarmi, mai babbar riga ma sai ya naɗe ƙafa.

Kuma babu fuskar da zan nuna sai mai ita ya yarda. Na bi su kasuwa-kasuwa, na tsaya a ƙofar coci da ta masallaci. Wasu sun yi murna. Wasu sun ce ba sa son abin da zai tuna musu da kwanakin nan, kuma ban ga laifinsu ba. Nasu ma zan rataye, amma suna kallon bango, yadda Inna ta yi. Ka ga ashe ita ma ta koya min aikin.

Ka tuna Mama Rifkatu, wadda mijinta Bitrus ya koma duba gona bai dawo ba? Yanzu kifi take sayarwa a kasuwar Jimeta. Da na ce mata akwai zanensa, sai ta rufe kifin ta biyo ni har gida. Ashe ko hoto ɗaya nasa ba ta tsira da shi ba. Na tsaya ina tunanin yadda zan shiga da ita ba tare da Inna ta tayar da ƙura ba. Sai ga Inna ta kama hannunta ta ja ta ɗakinka, da kanta ta juyo da zanen. Mama Rifkatu ta durƙusa tana goge shi da bakin zaninta. Dukkanmu muka yi kuka, har Inna.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk tsokanar da nake maka ta mai ɓarnar fenti, wallahi alfahari nake da kai. Me ya hana ni faɗa tun kana ji?

Ranar Asabar za mu buɗe. Baffa yana ta cika yana batsewa, amma ko zai fashe sai an yi. Inna ta ce in ajiye mata tabarma kusa da zanen Bitrus, ita da ko salla a kujera take yi.

Allah Ya haskaka kabarinka, Hamma.

Ƙanwarka mai surutu,
Dija